Buhun Masara Nawa Ne Kuɗin Digiri na Biyu?

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo mana, mu samarin ƙasar Funtuwa da Malumfashi, har tana neman ta zama farilla. Da zarar saurayi ya gama jami'a, ya yi shekararsa ta hidimar ƙasa, ya komo gida ya zauna wata shida ko shekara guda bai sami aiki ba, sai ka ji an ce ai ya sayi fom, zai koma Zariya ko Kano ya yi digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci, watau wanda aka fi sani da MBA. Haka nan ƙaramin ma'aikaci in ya ga ƙarin girma ya yi masa nawa, ba ya tunanin wata dabara sai ta wannan digiri. Mu da muka tashi a Ɗandume, muka san rumbun da ake fasawa da gonar da ake jinginarwa kafin a haɗa kuɗin makaranta, mun ga ya wajaba mu tsaya mu ɗora wannan al'amari a kan sikeli, kamar yadda iyayenmu ke ɗora hatsi, mu ga ko nauyinsa ya kai kuɗinsa.

Tun da fari muna so a fahimce mu. Mu ɗalibai ne, kuma ba za a ji daga bakinmu cewa ƙarin ilmi ɓata lokaci ne ba. Abin da muke tambaya shi ne, wa wannan digiri yake amfana, a wane lokaci na rayuwarsa, kuma da wane sharaɗi? Gama magani komai kyansa, in an sha shi ba don cutar da aka yi shi dominta ba, kuɗi ne aka zubar.

Ya kamata mu san asalin abin. A Amurka aka fara shi, inda Jami'ar Harvard ta buɗe makarantarta ta kasuwanci a 1908, a zamanin da kamfanonin jirgin ƙasa da manyan masana'antu suka girma har mai dukiya shi kaɗai ba ya iya riƙe su da ka. Sai aka bukaci mutanen da za su iya karanta littafin lissafin kuɗi, su tsara aikin ɗaruruwan ma'aikata, su san lokacin da ya dace a ci bashi da lokacin da ya dace a ƙi. Har yanzu manyan makarantun da ke ba da wannan digiri a ƙasashen waje sun fi son wanda ya riga ya yi 'yan shekaru yana aiki, domin karatun an gina shi ne a kan tattauna matsalolin da mutum ya taɓa cin karo da su. Wanda bai taɓa biyan albashin ko mutum ɗaya ba, bai taɓa kwana da bashin wani a kansa ba, zai haddace darasin ya ci jarrabawa, amma darasin ba shi da inda zai kama a jikinsa.

A ƙasarmu ma akwai lokacin da takardar ilmin mulki da kasuwanci take da tsada ƙwarai. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun buɗe kujerun manajoji da akantoci waɗanda a da baƙi ke zaune a kai. Kuɗin mai ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, masaƙun Kaduna suna aiki dare da rana, aka kafa masaƙar Funtuwa a 1978. A wancan zamani wanda ya fito daga Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello inda ake koyar da mulki da kasuwanci, yakan zaɓi aiki ne tsakanin biyu ko uku. Iyayenmu da yayyenmu sun ga wannan da idonsu, shi ya sa har gobe in an ce musu yaro zai ƙaro karatu ba sa musu.

To, amma ruwan da ya ɗauki wancan kwale-kwale ya janye. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta tsaya a 2007 ta bar dubban magidanta a kan titi. Bankuna 89 aka haɗe su suka koma 25 a ƙarshen 2005. A ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 33.3 cikin ɗari na masu neman aiki ba su da shi. A 2023 an sake ma'auni, aka ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma'aikaci ne, adadin ya faɗo zuwa wajen kashi 4, amma sauya mudu ba ya ƙara hatsi a buhu. A daidai wannan lokaci kuma wuraren ba da digirin sai ƙaruwa suke yi: na cikakken lokaci, na ƙarshen mako, na karatu daga gida ta intanet. Kowane ɗan Ɗandume ya san abin da ke faruwa da farashi ranar da kaya suka cika kasuwa masu saye kuwa suka yi ƙaranci. Takardar shaida ma haja ce, wannan doka ba ta ƙyale ta ba.

Masu neman wannan digiri a cikinmu kashi uku ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne wanda ya gama hidimar ƙasa bai sami aiki ba. Shi ne ya fi yawa, shi ne kuma ya fi ba mu tausayi, domin sau da yawa abin da yake gudu shi ne zaman majalisa da tambayar da dangi ke yi masa kullum, "Har yanzu shiru?" In ya koma makaranta ya sami amsar da zai riƙa bayarwa ta shekara biyu. Mun san wani ɗan'uwanmu da mahaifinsa ya fitar da masarar da ya ajiye don cefanen bazara, ya haɗa da ɗan bijimin da yake kiwo, aka biya masa. Ya gama lafiya, ya je neman aiki a wani kamfani, tambayar farko da aka yi masa ita ce shekara nawa ya yi yana aiki. Ya ce bai taɓa yi ba. Aka ce kujerar manaja tana bukatar wanda ya goge, kujerar sabon shiga kuwa shekarunsa sun wuce iyakar da aka sa. Ya dawo gida da takardu biyu, rumbu kuwa wayam. Ba makarantar ce ta cuce shi ba, ta koya masa abin da ta yi alkawari. Lissafin ne aka yi shi a baibai, kuma abin takaici, lissafi shi ne abin da ya je koyo.

Na biyu shi ne ƙaramin ma'aikacin gwamnati. Mai digiri na farko yakan shiga aiki a mataki na 8, daga nan kuma hawa yana tafiya ne da shekarun da aka yi a kan mataki, da jarrabawar ƙarin girma, da samuwar gurbi. Sabuwar takarda tana iya ƙawata fayil, amma ba ta tsallakar da mutum waɗannan sharuɗɗa haka kawai. Saboda haka kafin ma'aikaci ya ci bashin ƙungiyar adashin ofis, ya je wurin jami'in kula da ma'aikata ya ga abin da tsarin aikinsa ya tanada a rubuce, kada ya dogara da ji-ta-ji-ta. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama Naira 70,000 a 2024, kuɗin makaranta da na motar Zariya kowane ƙarshen mako abinci ne ake cirewa daga bakin iyali. Akwai kuma wani abu da da yawa ba sa sani sai sun gama: jami'o'i da dama a ƙasar nan suna ɗaukar MBA a matsayin digirin sana'a, ba sa karɓarsa shi kaɗai ga mai son digirin digirgir ko aikin koyarwa, sai ya sake yin digiri na biyu na bincike. Wanda burinsa ya zama malamin jami'a ya tambaya tun kafin ya biya. Wanda kuma burinsa aikin akanta, ya duba ko jarrabawar ƙungiyoyin akantoci irin ICAN ko ANAN ba ta fi kusa da bukatarsa ba.

Na uku shi ne wanda ke da aiki ko sana'a a hannu, ya yi shekaru yana fama, har tambayoyi sun taru masa waɗanda ya kasa amsawa. Ma'aikacin banki da aka fara ba shi riƙon reshe, ko mai kula da sito a kamfanin abincin kaji, ko ɗan da mahaifinsa ya fara sakar masa ragamar fatauci. Wannan in ya shiga aji, kowane darasi yana faɗawa ne a kan wani rauni da ya sani. Shi ne wanda aka yi digirin dominsa, kuma a wurinsa muna ganin kuɗin ba su tafi a banza ba.

Yanzu bari mu komo gida, gama a nan ne hujjarmu take. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ta Ɗandume ranar da take ci, ya ga tireloli sun yi layi ana loda masara da dawa da shinkafa da waken suya zuwa Kano da Kudu, ya san cewa dukiyar da ke juyawa a wurin ta fi ta ofisoshi da yawa da muke rububin shiga. Wannan albarka tana da tarihi. Tun zamanin Turawa ƙasar Funtuwa ƙasar auduga ce, jirgin ƙasa ya ratsa ta daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe, wanda ya yaɗa takin zamani da ingantaccen iri, masara ta tashi daga abin gasawa a bayan gida ta zama amfanin sayarwa. A 2024 kuma aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta tudu a Funtuwa. Ga noma, ga kasuwa, ga hanya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rubutaccen lissafi.

Ga misali, kuma adadin namu ne, mun ƙaddara shi don a gane. A ce mutum ya sayi buhu 100 na masara da kaka a kan Naira 40,000 kowanne, watau Naira miliyan 4. A ce kuɗin na banki ne, da ruwa kashi 30 cikin ɗari a shekara, wanda ba abin mamaki ba ne tun da Babban Banki da kansa ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Wata shida ruwan ya zama Naira 600,000. Hayar sito da maganin ƙwari da dako da la'ada a ce Naira 1,500 a kan kowane buhu, Naira 150,000 ke nan. Ƙwari da ɓera da ramewar hatsi su ci buhu 3. To, ya kashe Naira 4,750,000, abin da ya rage masa buhu 97. Sai ya sayar da kowane buhu kusan Naira 49,000 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa. In bazara ta yi ya sayar a kan 47,000, zai koma gida yana murna ya ci ribar 7,000 a buhu, alhali kuwa ya faɗi da Naira 191,000. Ko da kuɗin nasa ne ba na banki ba, tsadar kaya da ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024 tana cin kuɗin da ke kwance kamar yadda gara ke cin zana.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A tsakiyar 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗi, masu ajiya da yawa suka tafka hasara, manoma suka koka cewa taki ya fi ƙarfin abin da suke samu. A Satumban 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ɗandume, ciniki ya dagule. A farkon 2023 canjin takardun Naira ya sa manomi ya kawo kaya kasuwa babu tsabar da za a biya shi. Kowanne daga cikin waɗannan darasi ne a kan abin da littattafan kasuwanci ke kira kula da haɗari: kada a zuba jari duka a haja ɗaya, a sayar kashi-kashi, a bi labarin manufofin gwamnati kamar yadda ake bin labarin damina. Wanda ya karanci wannan da gaske, ya kuma san bakin dillalan garinsu, yana da abin sayarwa wanda ba a samu a kowane layi.

Za a ce mana, "Ai Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya zama attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma ba tare da ya taka jami'a ba, kuma manyan 'yan kasuwar Ɗandume da na Dawanau ba su san ƙofar Kongo ba." Gaskiya ne, kuma duk ɗan bokon da ya raina waɗannan mutane bai san abin da yake yi ba. Dattijon da zai damƙi masara ya gaya maka ko ta bushe, ya dubi mutum ya san ko za a ba shi bashi, yana da ilmin da ba a rubuta shi a allo ba. Amma a tuna cewa Aliko Ɗangote, wanda ya fito daga wannan gida na Ɗantata ya fara kasuwancinsa a 1977, shi ne ya gina wa Jami'ar Bayero makarantar koyon kasuwanci da aka buɗe a 2018. Ya san cewa in dukiya ta wuce abin da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya za ta riƙe, sai da tsari. Gidajen arziki nawa muka gani a ƙasar nan da suka watse shekara biyu bayan rasuwar mai gida, don babu littafi, babu wanda ya san abin da ake bin marigayi da abin da yake bi, magada suka raba motoci da sito kowa ya kama gabansa?

Za a kuma ce takardar tana buɗe ƙofa, kuma a aji mutum yana haɗuwa da manyan ma'aikata waɗanda za su yi masa rana. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman a bankuna da manyan kamfanoni inda in an zo zaɓen wanda za a ɗaga cikin mutum biyar masu aiki ɗaya, takarda kan raba gardama. Sai dai a lura, wannan amfani na wanda ya riga ya shiga ne. Sanayya kuwa ciniki ce: manajan da kuka zauna aji ɗaya zai tuna da kai ne in kana da abin da za ka kawo masa, ko hatsi ne, ko masu ajiya, ko iya aiki.

Saboda haka ga shawararmu. Ga 'yan'uwanmu ɗalibai da ke shirin fita, kada mu mai da digiri na biyu rumfar fakewa. In kuɗin ya samu aiki kuwa bai samu ba, gara mutum ya yi shekara biyu yana riƙe wa wani ɗan kasuwa littafi, ko yana kula da sito, ko yana juya ɗan jarinsa, ya koyi sarrafa lissafi a kwamfuta, ya san yadda ake rubuta takardar neman jari da banki zai karanta, har da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, tun da da yawa cikin iyayenmu ƙyamar riba ce ta hana su kusantar banki. Bayan nan in ya ga yana bukatar digirin, zai shiga da tambayoyinsa, wataƙila ma da kuɗin guminsa.

Ga ƙananan ma'aikata, a nemi izinin ofis a rubuce, a tabbata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗin, a lissafa dukan kuɗin har da na mota da kwana, sa'an nan a tambayi kai shekara nawa ƙarin da ake sa rai zai ɗauka kafin ya biya su. Wanda ya kasa yin wannan ɗan lissafi tun kafin ya shiga, ya sani ya fāɗi jarrabawar farko.

Ga malamanmu na Zariya da Kano da Katsina da Dutsin-Ma, muna roƙo cikin ladabi a rage ba mu misalan kamfanonin Amurka da Ingila waɗanda ba za mu taɓa gani ba. A turo masu rubuta kundin bincike Ɗandume da Bakori da Malumfashi, su bi buhun masara tun daga gona har injin niƙa a Ibadan, su gaya mana wa ke cin nawa a hanya. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru ta san ƙasa da iri, ga masu ilmin kasuwanci a jami'a ɗaya, me zai hana a haɗa hannu? A kuma tsaya a kan sharaɗin gogewar aiki kafin a ɗauki ɗalibi, ko da hakan zai rage yawan masu biyan kuɗi.

Ga iyayenmu 'yan kasuwa kuwa, ku buɗe wa 'ya'yanku littafi. Kun biya kuɗin karatunsu da hatsinku, amma in sun dawo kukan ce su je su nemi aikin gwamnati, kamar dai abin da suka koyo bai shafi shagonku ba. Ku jarraba su da sito ɗaya na shekara ɗaya. In sun gaza kun gane, in sun iya kuwa gidanku ne ya tsaya bayan ranku.

Mu kanmu da muke wannan rubutu, wasunmu fom ɗin yana cikin jaka, ana jiran kaka ta yi a sayar da masara a biya. Kafin a ɗinke bakin buhunan nan, ya kamata kowannenmu ya zauna da mahaifinsa, da takarda da alƙalami, ya gaya masa buhu nawa za su fita, da kuma ta wace hanya yake sa ran za su komo. In amsar ta gamsar da dattijon da ya yi shekara arba'in yana awo, to, a tafi makaranta da albarka. In ba ta gamsar da shi ba, a bar masarar a rumbu tukuna.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa damina ta yi albarka. Amin.